Weizen ta rasa kanumfari, bitter kuma ta same shi: ina matsalar take?

Mai Tukunya:
Jama'a barkanku da aiki. Ƙaramar masana'antar giya ce mai tukunyar lita 500 da tanki uku, ana dafa Weizen, giyar alkama irin ta Jamus, da bitter, giya mai ɗaci irin ta Ingila, bi da bi. Weizen ɗin tsiron alkama ne kashi 55, sauran tsiron sha'ir na Pilsner, yisti W-68, tanki a digiri 22. Ƙamshin ayaba ya cika ta, na kanumfari kuwa ko alama. Ita kuma bitter, mai tsiron sha'ir na Maris Otter da furen Goldings (irin furen hop mai sa wa giya ɗaci), ita ce ke fitowa da kanumfarin da ba a nema ba, kuma ta ƙi washewa a ganga. Daga ina za a fara bincike?

Tsohon Injiniya:
Ɗan'uwa, fara da bitter, don nan ne asarar ta fi girma. Yistin Weizen ne ya shiga cikinta. W-68 yana juya sinadarin ferulik da ke cikin hatsi ya zama 4-VG, wato ƙamshin kanumfari. Yistin Ingila ba ya iya wannan. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata tanki guda. Rashin washewar ma shaida ce: yistin Ingila yana dunƙulewa ya kwanta a ƙasa, na Weizen kuwa yawo yake yi a cikin giya.

Wuraren da yake ɓuya: tiyo, robobin bakin famfo, famfon ɗiban samfur, na'urar sanyaya ruwan tsiro (ruwan da aka tace daga jiƙaƙƙen tsiro kafin a sa yisti), da bokitin ajiyar yisti. A kwance su duka. A zagaya da sodar wanki ta kostik kashi 2 a digiri 70 zuwa 80 na minti 30, a ɗauraye, a bi da ruwan perasetik mai kashe ƙwayoyin cuta. Robar da ta tsage, ko da tsagar ba ta wuce gashi ba, a jefar. A ware wa Weizen tiyonta da tankinta, a shafa musu fenti don kada a ruɗe. Yistin bitter da kuke juyawa ya riga ya gauraye, wanki ba ya raba su. Ku sayi sabo.

Uwar Ɗakin Gwaji:
Na yarda da Injiniya, amma a shinshina da kyau tukuna. Kanumfari daban, warin asibiti daban. In wari ne kamar na filasta ko maganin wanke rauni, kulorin ne na ruwan famfo, kuma maganinsa ƙwayar Campden mai kawar da kulorin, ɗaya ga lita 75, kafin a jiƙa hatsi. Gwajin ba wuya: a raba ruwan tsiro daga bakin tukunya cikin kwalba biyu da aka tafasa, ɗaya da sabon yisti, ɗaya da na bokiti. Kwana biyar za a san mai laifi.

Maganar Weizen kuma, digiri 22 ya yi yawa. Zafi yana sa yisti ya yawaita ayaba har ta danne kanumfari. A zuba yisti a digiri 16 ko 17, a bar shi ya hau zuwa 19 a hankali. Kada a yi rowar yisti, don ƙarancinsa ma ayaba yake ƙarawa.

Sai jiƙo. A fara a digiri 44 na minti 15, nan ne ferulik ke fita daga hatsi. Kada a sa asid kafin wannan mataki, domin matakin ya fi aiki a pH (ma'aunin tsami) 5.7 zuwa 5.8, sai an wuce shi a sauke zuwa 5.4. Daga nan digiri 63 na minti 35, 72 na minti 25, a rufe a 78. Alkama ba ta da ƙaiƙayi, saboda haka dusa takan manne ta toshe abin tacewa. Buntun shinkafa kashi 5, wanda aka ɗauraye, yana buɗe ta. Ɗaci kuwa IBU (ma'aunin ɗaci) 10 zuwa 14 da furen Hallertauer a farkon tafasa, shi ke nan. A bar kashi ɗaya cikin uku na tanki fanko, don kumfar wannan yisti tana ambaliya.

Mai Tukunya:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Warin kanumfari ne sak, ba na asibiti ba. To bayan an sauya yisti, me za a gyara a bitter ɗin kanta?

Mai Kula da Ganga:
Oga, bitter ba ta son yawan dabara. Maris Otter kashi 90 zuwa 93, sauran tsiron kiristal mai ba da launi da zaƙi, jiƙo guda a digiri 66 na awa ɗaya. IBU 30 zuwa 35 ga giya mai ƙarfin kashi 4 da ɗoriya, wato ajin giyar London Pride, wadda take 4.1 a ganga. A sa garin jifsam a ruwa har sinadarin salfet ya kai 200 zuwa 300 a cikin miliyan, shi ke sa ɗaci ya fito a bushe. Kada a kwaikwayi ruwan Burton, garin masu giya a Ingila, gaba ɗaya, salfet ɗinsa ya haura 600, giya za ta yi kaushi. Kuma kada wannan ruwa ya shiga Weizen, ita ruwa mai laushi take so.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne yistin ya kwanta tun bai gama aiki ba, ya bar giya da zaƙi da warin man shanu. A riƙe tanki a digiri 19, in saura kaɗan a motsa yistin a ɗaga zuwa 21 na kwana biyu. Kada a sanyaya sai an ɗumama samfur an shinshina ba a ji man shanu ba.

A ganga mai galan 9, kusan lita 41, ana sa isinglas mai washe giya, wanda ake yi da jakar iskar kifi, misalin rabin lita. Shi kansa a ajiye shi da sanyi, in ya haura digiri 20 ya lalace. Ganga ta zauna a digiri 11 zuwa 13, a huda ta da ɗan turken katako mai laushi har iska ta lafa, sannan a sa mai tauri. Iskar da ke narke a bitter ba ta wuce ninki 1.3 na yawan giyar, ta Weizen kuwa 3 zuwa 4, don haka kwalbar Weizen sai mai kauri. Da zarar an fara sayarwa, gangar ta ƙare cikin kwana uku, in ba haka ba tsami zai shige ta.