Nama kilo nawa zai ishi taron mutum 100?

Ga dai abin da na tsinta daga hirar da aka yi kan gashin nan na Amurka da ake dafa kafaɗar dabba a hankali har ta yi lugub a yayyaga ta da cokali mai yatsu, kamar dambun nama amma da danshinsa. Su can jihohin Karolina da naman alade suke yi, Musulmi kuma sai su sa kafaɗar saniya ko ta rago, lissafin kusan ɗaya ne.

Abin da kowa ya nanata shi ne naman yana raguwa sosai, kitse ya narke ruwa ya fita ga ƙashi, to kusan rabi ne ke dawo maka. Mutum ɗaya a ware masa giram 150 na dafaffe, kenan mutum 100 kilo 15, ɗanye kuwa sai ka sayi kilo 30. Wasu sun ce in akwai burodi da wake da salak to a rage, yara ma ba sa ci da yawa, amma ni dai in samari ne suka fi yawa wallahi ƙarawa zan yi.

Sai maganar lokaci, wuta ƙasa-ƙasa wajen digiri 110 a ma'aunin Celsius, awa 10 ko fiye, har cikin naman ya kai digiri 95. Shi ya sa suka ce a dafa tun jajibiri, a adana romon, gobe a zuba masa a ɗumama.