Filasta da cingam ɗin nikotin: taimako ne ga talaka ko canjin jaraba?

Baban Amira: Ni fa ban gamsu da maganar raba wa talakawa masu shan sigari filasta da cingam ɗin nikotin ba. Nikotin ne ya kama mutum kuma shi za ka sake ba shi? Ai an gudu ba a tsira ba kenan. Mai niyya ya jefar da kwalin kawai.

Anti Nas: A'a yaya, nikotin shi ke sa jarabar gaskiya ne, amma abin da ke cin huhu ya jawo cutar kansa da ciwon zuciya hayaƙin ne, kwalta da sauran gubar da ke ciki. Filasta a hankali take sakin nikotin ta fata, ana rage ƙarfinta cikin sati 8 zuwa 12 har a daina. Nazarin ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya na 2018 ya nuna tana ƙara damar dainawa da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma tun 2009 ta sa ta a jerin muhimman magunguna.

Ɗan Direba: Malam Baban Amira wallahi da ka taɓa sha ba za ka ce niyya kawai ba. Shekara 14 ina sha, na daina ya fi sau biyar, kwana uku kai na sarawa bacci ya ƙi zuwa ina ta yi wa yara tsawa ba laifin komai, sai in koma. Kuma sigari ko kara ɗaya za ka iya saya, filasta kuwa sai kwali guda, mai nema hannu baka hannu ƙwarya ina zai tara?

Baban Amira: To ka gani, ko kyauta aka ba ka damuwar tana nan, abokan aiki duk suna busawa a gabanka.

Anti Nas: Nan na yarda da kai, miƙa kwali a sallami mutum bai isa ba, sai da bibiya da shawara. Da yawa ma taunar cingam ɗin suke kamar na yara, alhali taunawa ake kaɗan a ajiye a kumatu, in an haɗa shi da filasta ya fi aiki. Amma don damuwa ta fi yawa a kan talaka ai shi ya fi buƙatar maganin, ba shi za a hana ba.

Ɗan Direba: Anti ni ko sau ɗaya ba a taɓa gaya min ana haɗa biyun ba, gobe zan tambayi likita in sha Allah.