Masa ta yi ja a waje, cikinta ɗanye: daga ina matsalar take?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu hannu a masa ku taimaka. Me ke sa ta yi ja a waje amma in an ɓara cikin ɗanye, ga shan mai kamar soso? Shinkafa gwangwani huɗu ce, yis cokali ɗaya. Kuma ƙulli ɗaya zai iya yin ta zuma da ta miya?

Hajiya Uwani:
Wa alaikumus salam. Maman Husna, wace shinkafa ce tukuna? In turararriya ce ta dafa-duka, ko kin kwana kina bugu ba za ta yi ba. Farar shinkafar tuwo ake so.

A cikin gwangwani huɗun nan ki ware rabi ki dafa ta yi luguf kamar za a tuƙa tuwo, ki bari ta huce. Sauran uku da rabin ki jiƙa awa shida, ko su kwana. Ki wanke, ki haɗa da dafaffiyar da albasa ɗaya a kai markaɗe, kuma ki ja wa mai inji kunne kada ya cika ruwa. Dafaffiyar nan ita ke ba masa laushi, in babu ita sai ta fito da tauri. Kaurin ƙulli ya zama kamar na koko mai kauri: ya zubo daga ludayi a hankali, ba tsiyaya ba. Yis ɗinki ya isa, ki ƙara masa sukari cokali biyu, ki rufe a wuri mai ɗumi. Da zafi awa huɗu zuwa biyar ya tashi, da hunturu kuwa sai ya kwana.

Anti Bilki Bauchi:
Maganar Hajiya haka take, amma ni tanda na fi zargi. Ja a waje ɗanye a ciki, wuta ce ta yi yawa, ko an cika gurbi har baki. Shan mai kuma yawanci an zuba ƙulli tanda ba ta ɗau zafi ba. Kin ga abu biyu ne: ki bari tanda ta yi zafi sosai da farko, sannan ki janye gawayi, wuta ta zama madaidaiciya. Mai rabin cokali a kowane gurbi, ƙulli kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Kada ki juya sai gefe ya bushe, sama ta yi huji-huji. In tandar ƙasa ce sabuwa, a shafe ta da mai a ɗora a wuta sau biyu ko uku kafin a fara, in ba haka ba masa maƙalewa za ta yi.

Ummu Sadiq:
Ƙulli ɗaya yana yi, Maman Husna, ki raba shi biyu bayan ya tashi. Na miyar taushe ko yajin ƙuli ki sa gishiri da yankakkiyar albasa. Na zaƙi ki ƙara sukari kaɗan kawai, domin sukari ne ke sa ta saurin ƙonewa tun ciki bai nuna ba. Gara a zuba zuma a kai bayan an kwashe.

Sai kanwa. Ki jiƙa ungurnu, ki tsiyaye ruwan sama, ki riƙa sa cokali ɗaya kina ɗanɗanawa har tsami ya ragu. In ta yi yawa masa za ta yi rawaya, ta yi bauri, ta kuma sha mai. Kada ki zuba wa duka ƙullin lokaci guda. Ɗebi wanda za ki soya yanzu a kwano, ki sa, ki buga sosai.

Maman Husna:
Allah ya saka da alheri. To in ƙulli ya ragu fa, Hajiya?

Hajiya Uwani:
Wanda ba a sa wa kanwa ba ki rufe ki sa a firij. Gobe zai ƙara tsami, sai ki sassauta shi da ruwa kaɗan ki yi sinasir.