Me ya sa ɓeraye suka bar sukari suka afka wa gasara?

Mai koko, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina dama koko ina sayarwa kowace safiya, kuma wani abu ya daɗe yana ɗaure mini kai. Da dare nakan ajiye robar gasara kusa da kwanon sukari, amma da asuba sai in tarar ɓeraye sun ture faifan da na rufe gasarar da shi sun bar sawunsu a kanta, sukarin kuwa ko taɓa shi ba su yi ba. Shin ɓera ba ya jin zaƙi ne?

Malamin kimiyya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yana jin zaƙi sarai. Kyanwar da ke farautarsa ce ba ta ji. Sai dai a shekarun 1980 wani masani a Amurka, Anthony Sclafani, ya riƙa ajiye wa ɓeraye kwalabe biyu, ɗaya da ruwan sukari, ɗaya da ruwan Polycose, wato sitacin masara da aka farfasa har ya narke, wanda ɗan Adam ke jin sa kusan salam. Idan haɗin ya yi tsararo, ɓerayen sun fi shan na sitacin, sai an kaurara sukarin sannan su karkata gare shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ɓeran da aka sa ya tsani Polycose bai daina shan ruwan sukari ba, alamar cewa a harshensa ɗanɗano biyu ne daban.

Ɗalibar likitancin dabbobi, Barnawa:
Malam ya yi gaskiya, amma ina ganin kada mu ɗora komai a kan ɗanɗano. A gwajin can duka biyun ruwa ne, alhali sukarin Hajiya busasshe ne, gasararta kuma jiƙaƙƙiya ce mai ƙanshin tsami da ke kiran hanci daga nesa. Ɓeran gida yana buƙatar ruwa, musamman lokacin hunturu.

Mai shagon hatsi, Kawo:
Don Allah kada a ce za a zuba guba a gasara saboda wannan bayani, domin abincin mutane ne. Ɓera ba ya iya amai, shi ya sa yake ɗanɗana sabon abu kaɗan-kaɗan, in ya ɓata masa ciki ya ƙaurace masa. Ki nemi bokiti mai murfi da ke kamawa, Hajiya.

Mai koko, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Yau da dare zan jiƙa sukari a murfin kwalba in ajiye kusa da ɗan guntun gasara, in ga wanda za su fara.