Wane suna za mu ba "kwansaltan" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kalmar "kwansaltan" ta yi yawa a bakin ma'aikatan sakatariya. Shi ne wanda ake ɗaukowa daga waje a biya shi, ya zagaya mazaɓu ya ƙirga asibitocin da ke aiki da waɗanda babu ungozoma ko firijin allurar rigakafi, ya binciki sana'ar da za ta karɓi matasan yankin, sannan ya rubuta tsari ya miƙa wa ciyaman. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14, kowace tana iya ɗaukar nata. Me za mu ce masa a rediyo?

Wani malami daga Ƙauran Namoda: Ai "mai ba da shawara" ya wadatar.

Ni: Allah gafarta malam, 'yan siyasa sun riga mu. Ka ce "mai ba ciyaman shawara", kowa zai ɗauka ɗan jam'iyya ne da aka saka wa da muƙami.

Wata ma'aikaciyar lafiya daga Anka: Ku yi hattara, mu a asibiti kwansaltan babban likita ne da ya ƙware a fanni guda. Kada mai jego ta ji an kawo shi gari ta ɗauko jariri ta taho, ta tarar da mai kwamfuta da takardun tambayoyi. Don haka ko da za a fassara shi da "ƙwararre" kaɗai, ni bai yi mini ba.

Wani daga Talatar Mafara: Wanga abu ba shi da wuya, ku ce "mashawarcin haya".

Ni: Yallaɓai, ta yi daɗin faɗi, sai dai kunne na jin "haya" zai tuna da sojan haya. Wanda ya zo tsara yadda matasa za su ci moriyar noman rani a madatsar ruwa ta Bakolori ba zai so wannan laƙabi ba.

Ga tawa: aikin a kira shi "kwangilar shawara", mai yin sa "ɗan kwangilar shawara". Na san za a ce kwangila ta kwalbati ce da rufin aji. To, dalilina ke nan. Bahaushe ya san ɗan kwangila yana da wa'adi, an yi ciniki da shi, kuma ana zuwa duba abin da ya yi kafin a cika masa kuɗi. Shawara kuwa a wurinmu kyauta ce, ba a bin wanda ya ba da ita bashi. Idan kansila ya ji "kwangila", zai tambayi nawa aka biya, ina rahoton kuma.

Malamin Ƙaura: Ta yi tsawo, amma na yarda. Jam'inta fa?

Ni: 'Yan kwangilar shawara. Na asibiti kuma mu bar wa Hajiya "babban likita" ɗinta.