Rikicin murhun gas a Amurka: hana shi aka yi, ko siyasa ce kawai?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana ta cewa an hana girki da gas a Amurka, wasu kuma na cewa ƙarya ce. Ina gaskiyar take? Sannan mai gida a can da ke son komawa lantarki, me zai canza?

Malam Mai Bin Diddigi:
Wa alaikumus salam. Gwamnatin tarayya ba ta hana ba. A Janairun 2023 ne Richard Trumka Jr., kwamishina a lokacin a hukumar CPSC mai kula da lafiyar kayan masarufi, ya nuna cewa hani na cikin matakan da za a iya dubawa. Nan take ƙura ta tashi. Shugaban hukumar ya fito ya ce ba su da wannan niyya, amma duk da haka a watan Yuni Majalisar Wakilai, ƙarƙashin 'yan Rifablikan, ta amince da ƙudirin kare murhun gas.

Ainihin faɗan a birane da jihohi yake, kuma a kan sabbin gine-gine. Berkeley ta Kalifoniya ce ta fara hana jan bututun gas zuwa sabon gini a 2019. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta jihar ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar a Afrilun 2023 saboda ta ci karo da dokar makamashi ta tarayya ta 1975. Jihar New York ta yi tata a 2023, ita ma ta sabbin gine-gine. Jihohi sama da 20 kuwa akasin haka suka yi: sun haramta wa biranensu hana gas. Murhun da ke kicin ɗin mutum babu wanda ya taɓa shi.

Injiniyan Wuta:
Malam ya gama da siyasa, ga aikin. Murhun gas soket na bolt 120 yake amfani da shi, don kyasta wuta da fitila kawai. Na lantarki ko indokshin (murhun da ke ɗumama tukunya da ƙarfin maganadisu) mai haɗe da oba yana buƙatar layinsa shi kaɗai na bolt 240, da bireka (makunnin da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa) mai amfiya 40 ko 50. Wayar jan ƙarfe mai kauri lamba 8 ga amfiya 40, lamba 6 ga 50, soket kuma NEMA 14-50 mai ƙafa huɗu.

Inda aka fi yin kuskure: tsofaffin gidaje na da soket mai ƙafa uku, babu wayar ƙasa. In an koma mai huɗu dole a cire ɗan ƙarfen da ke bayan murhun, wanda ya haɗa nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) da gangar jikinsa. In aka bar shi, wuta za ta riƙa bi ta wayar ƙasa, jikin murhun na iya jan mutum.

Kafin a sayi komai a duba akwatin rarraba wuta. Mai amfiya 100 yakan ɗauki murhu, amma in za a ƙara na'urar ɗumama gida da ta ruwan zafi da cajin mota, sai an yi lissafin nauyi tukuna. Wani lokaci sai an ɗaga shi zuwa 200, kuma nan kuɗin yake, ba a murhun ba. Bututun gas kuma, rufe famfo bai isa ba. Mai lasisi ya toshe bakinsa, ya shafa ruwan sabulu ya ga ko zai yi kumfa.

Tukwane: a manna maganadisu a gindinsu. In bai kama ba, kamar na alminiyam da na jan ƙarfe, indokshin ba zai ɗumama su ba.

Hajiya Likita:
Ina da ƙari. Kashi 12.7 cikin ɗari na asmar yara a Amurka da binciken Disambar 2022 ya danganta da murhun gas, wanda ake yawan ambata, ƙiyasi ne da aka ciro daga tsofaffin bincike, shi ya sa kamfanonin gas suka samu abin suka. Amma iskar NO2 mai cutar da huhu da harshen wutar ke fitarwa ba abin musu ba ce, kuma a ƙaramin kicin takan wuce ma'aunin 100 ppb (kashi 100 cikin biliyan) da EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, ta sa wa iskar waje.

Wanda ba zai canza yanzu ba, ya tabbatar na'urar zuƙe hayaƙinsa waje take fitarwa. Mai tacewa ta mayar cikin ɗaki maiƙo take kamawa, ba NO2 ba. A kunna ta tun kafin wuta, a fi amfani da kawunan baya. Harshen wuta rawaya alama ce gas ba ya ƙonewa sosai. A wanke kan, a sa na'urar gano iskar guba ta kabon monoksaid.

Injiniyan Wuta:
Haka ne Hajiya. Mai haya ma yana da mafita: indokshin na kan tebur mai wat 1,800 yana aiki da soket na bolt 120, muddin babu wani abu mai cin wuta a layin. Batun tallafi kuwa, dokar tarayya ta rage hauhawar farashi (IRA) ta 2022 ta ware har dala 840 ga murhu, 2,500 ga waya, 4,000 ga akwatin wuta, ga masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Jihohi ke rabawa, don haka a tambayi ofishin makamashi na jihar kafin a saya, ba bayan an saya ba.