Wai da gaske daga tazargade aka samo maganin maleriya na asibiti?

Maman Abba:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara huɗu ne zazzaɓi ya kama tun shekaranjiya, jiki rau, da yamma kuma ya yi ta rawar sanyi. Hajiyar maigidana ta sa an tsinko darbejiya da ganyen mangwaro da na gwanda, ta dafa da lemun tsami, ta yi masa sirace, ta ba shi kurɓi biyu. Ya yi gumi sharkaf, ya samu barci, hankalina ya kwanta. Yau da asuba zazzaɓin ya dawo, har da amai. Na ce mu tafi asibiti, sai ta ce ai maganin nasu ma daga tazargade aka tatso shi, a sayo a jiƙa masa. Nauyinta nake ji, da wannan dahuwar ta raini 'ya'ya tara. Don Allah gaskiya ne?

Kawu Na Fagge:
Wa alaikumus salam 'yata. Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Mu ma darbejiya da ɓawon maɗaci muka sha muka girma. Kwinin da kuke ji, daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka ya fito, wasu Faransawa biyu suka ware shi a 1820. Amma ni jikokina ba na wasa da zazzaɓin damina. Na ga yaron da ya kwana biyu yana shan jiƙo, a na uku jijjiga ta kama shi.

Anti Nas:
Maman Abba, ki ajiye wayar ki kai shi yanzu, sai ki karanta sauran a hanya. Saukar zazzaɓi bayan sirace ba warkewa ba ce, haka maleriya take, ta lafa ta dawo, ƙwayar cutar tana nan cikin jini tana fasa shi.

Batun ganye kuwa, wata 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ce da abokan aikinta suka ciro sinadarin artemisinin a 1972 daga wani tsiro dangin tazargade, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin lura shi ne, da suna dafa ganyen da zafi, ƙarfinsa raguwa yake, sai da suka koma tatsarsa da ɗan sanyi. Jiƙon gida babu wanda ya san adadin da ke cikin kofi. Kuma sinadarin ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ake haɗa shi da wani magani kamar lumefantrine, ya share ragowar ƙwayoyin. In aka sha kaɗan-kaɗan, ƙwayar sabawa take yi, an riga an ga alamun haka a Ruwanda da Yuganda. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan shayin ganyen ba.

A ɗiga jininsa a gwada, minti 20 ya isa. In aman ya hana shi riƙe magani, allurar artesunate za su yi masa. Man darbejiya kuma kada ya kusanci bakinsa.

Maman Abba:
Na gode Anti, na gode Kawu. Mun dawo, maleriya ce. Sun ba mu na kwana uku, safe da yamma, suka ce a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo. Hajiya ce ma ta riƙe shi ya sha na farko. Tana tambaya ko za ta iya ci gaba da siracen kawai, ban da sha?